Ranar da Anti Almakashi Ta Ɗinke Mijinta

A gidanmu na haya, mai hawa biyu da famfo ɗaya a tsakar gida, babu wanda bai san cewa an haifi Anti Almakashi da baiwar ɗinki ba. Ba wai mun taɓa gani ba ne. Ita ta faɗa mana, kuma ta yi ta faɗa har muka haddace.

Sunan ya bi ta ne tun tana ƙarama, ranar da ta yanke labulen mahaifiyarta ta yi wa 'yar tsanarta riga. Babanta ya laƙaba mata shi cikin fushi, ita kuwa ta karɓa kamar an ba ta sarauta. Yanzu sakatariya ce a wani asibitin haƙori, aikinta rubuta sunayen masu kumburin kunci ta ce su jira. Rabonta da allura tun kafin aurenta. Ko maɓallin rigar mijinta ne ya tsinke, wurin tela ake kaiwa, domin a cewarta gwani ba ya ɓata hannunsa a kan maɓalli.

Mijin nata malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kowa Malam yake ce masa. Dogo ne siriri, sai ɗan tumbi a tsakiya kamar an ƙulla igiya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tayar da wani daga barci. Shekara ashirin da wani abu yana shaƙar alli a makaranta ɗaya, ba a taɓa kiran sa a lasifika ba sai ranar da ya tare ƙofar ofis da babur ɗinsa. Sai bana aka tuna da shi. Aka ce za a karrama shi a taron yaye ɗalibai, a gaban iyaye da manyan baƙi, ya hau dandamali, ya karɓi lambar yabo, ya yi jawabi.

Malam bai ce wa kowa yana murna ba. Amma bangon gidanmu ba ya riƙe sirri, kullum da safe muna jin sa a banɗaki yana maimaita jawabinsa ga bokiti. Ya kuma ciro wani yadi daga ƙasan akwati, shuɗi mai duhu, mai nauyi, wanda ya saya tun shekarar da ya fara aiki, da niyyar in babbar rana ta zo ya ɗinka kwat. Babbar ranar ta yi nawa ƙwarai, amma ga ta nan tafe.

A makon ne tsautsayi ya sa Anti ta kunna rediyo tana wanke-wanke, ta ji wata mata mai daɗin murya tana cewa baiwar yarinta ba ta mutuwa, barci kawai take yi, kowa ya je ya tashi tasa. Anti ta bar kwanukan da kumfa, ta tafi gidan mahaifiyarta, ta dawo da wata tsohuwar 'yar tsana mai ido ɗaya, sanye da riga mai furanni. Ta tsaya da ita a bakin famfo inda matar direba take wanki. Matar direba ita ce maƙwabciyarta ta ƙasa, mace mai hannu da kyauta da baki mai kaifi.

"Kalli ɗinkin nan," in ji Anti. "Ina 'yar ƙanƙanuwa na yi shi. Ba keke, ba malami."

Matar direba ta matse zani ta duba. "Ita mai rigar ta ce ya yi mata?"

"Shekara talatin tana sanye da shi. Kin taɓa jin ta yi ƙorafi?"

"Gaskiya ban ji ba."

"To gidan ɗinki zan buɗe. Manyan mata za su yi layi a matattakalar nan, ku riƙa neman hanyar wucewa. Talla ɗaya nake buƙata, a gaban manyan mutane."

Tana hawa sama ta tarar da Malam yana ninke yadinsa yana sa wa a leda.

"Ina za ka da shi?"

"Wurin tela, ranki ya daɗe."

"Tela. Kana da ni a cikin gida."

Malam ya dubi yadin da ya yi shekara ashirin yana kare shi daga asu, ya dubi matarsa. Idanunta suna wani ƙyalli wanda rabonsa da gani tun lokacin da yake tsayawa a ƙofar gidansu yana ƙaryar cewa hanya ce ta biyo da shi. Wannan kallon ya ci shi a wancan karo, ya sake cin sa yanzu. Ya miƙa mata ledar da hannu biyu.

Da farko ta ari keken ɗinkin matar direba. Ta zauna a kai da ƙasaita, ta taka, keken ya ruga, ya haɗa gefen zaninta da zanen tebur. Tana miƙewa zanen tebur ya bi ta, kofuna suka bi zanen tebur. Da ta gama tsince fasassun sai ta leƙo ta taga ta sanar da mu cewa keke na malalata ne, ɗinki na gaskiya da hannu ake yi. Malam ya sayo mata tef na awo, ta ce awo na marasa ido ne.

"To yaya za ki san girmana?" ya tambaya.

"Yadda na san nata," ta ce, ta nuna 'yar tsana. "Ba ni alli. Kwanta."

Da matar direba ta hau karɓar kekenta, ta tarar an ture kujerun falo gefe, an shimfiɗa yadin ninki biyu a ƙasa. Malam yana kwance a kai rigingine, hannuwa a ware, ƙafafu a buɗe, ido a rufe, Anti tana durƙushe tana zagaye shi da alli.

Matar direba ta tsaya a bakin ƙofa ta haɗa hannuwa. "Allah ya jiƙan Malam. Mutumin kirki ne, bai taɓa barin famfo a buɗe ba."

"Ina jin ki," in ji Malam daga ƙasa.

"Ka daina magana," in ji Anti. "Kana motsa min layi."

Washegari muka tashi muka ga abubuwa biyu a kan igiyar shanya. Siffar mutum ce cif, daga wuya zuwa idon sawu, da hannuwa a ware, ɗaya gaba ɗaya baya, iska tana kaɗa su. Direba ya fito zai tayar da motarsa ta ɗaukar kaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Malam ya wanke inuwarsa ne?"

"Kai dai ka san taya da birki," in ji Anti daga sama. "Wannan kwat ne da wando a haɗe. Ba a fara yayinsa ba tukuna."

A kan ɓangaren gaba ta ɗinka komai. Ta liƙa farin ƙyalle a ƙirji a matsayin shat, ta ɗora jan ƙyalle a matsayin nekatai, ta jera maɓallai masu sheƙi waɗanda ba su buɗe komai, ta yi bakin aljihu biyu da ba su da ciki. A gaskiya, in mutum ya tsaya daga nesa ya ɗan runtse ido, abin ya yi kyau. Hannunta yana da tsabta, ɗinkinta ƙanana a jere kamar haƙoran jariri. Wannan ne ma ya ƙara mana tsoro.

Ta haɗa gaba da baya ta kira Malam gwaji. Aka nemi ta inda zai shiga aka rasa, ƙofa ɗaya ce, ta wuya. Ya zura ƙafa ɗaya ta wuyan, ta tsaya a cinya. Ya gwada da kai, ya maƙale a kafaɗa, muna jin muryarsa daga cikin yadi yana tambaya cikin ladabi ko akwai mai riƙe da almakashi. Ta farke ɗinkin, ta ɗora masa gaba a gaba, baya a baya. A ƙafafu suka haɗu, a kafaɗa suka kusa, a wajen tumbi kuwa tsakaninsu akwai tazarar da kyanwa za ta wuce.

"Ranki ya daɗe," in ji Malam a hankali, "abin da ya faru shi ne, allin ya ɗauki tsawona da faɗina, bai ɗauki kaurina ba. Mutum yana da kauri."

"Wannan lissafin ka bar shi a aji. Ita ba ta da kauri ne?" Ta ɗaga 'yar tsana. "Ɗinkina daidai yake. Kai ne ka yi yawa."

Daga ranar Malam ya koma shayi ba madara da yankan burodi mai kama da takarda. Da yamma sai ya sauko wai shan iska, direba ya miƙa masa kwano ta bayan mota, ya ci a tsaye yana leƙen taga.

"Malam, ina da kwat ɗin da na yi aure da shi," in ji direba. "Ya ɗan ci wuta a hannu, amma ana shiga ana fita. Ka karɓa mu rufa wa juna asiri."

Malam ya tauna, ya haɗiye. Daga sama ana jin Anti tana rera wata waƙa ta 'yan mata, tana kuskure baitin tana sakewa.

"Ka ji?" ya ce. "Rabon da ta yi waƙa a gidan nan har na manta. Da ta dawo daga aiki sai ta kwanta ta ce kanta na ciwo. Yanzu ko mayafi ba ta cirewa take ɗaukar allura."

"To kai kuma ranarka fa?"

"Allah zai kawo sauƙi."

Sauƙin da ya zo shi ne Inna, mahaifiyar Anti, wadda ta kawo ziyara ana saura kwana kaɗan. Ta shigo falo tana haki saboda matattakala, ta ga abin a shimfiɗe a kan kujera.

"Fatar wace dabba ce wannan?"

"Kwat ɗin Malam ne, Inna. Irin wanda na yi wa 'yar tsanata."

Inna ta zauna, ta ɗauki 'yar tsanar ta juya ta. "Ke, kin manta yadda kike yi ne? Ai ba ki taɓa ɗinka rigar da ake cirewa ba. A jikinta kike ɗinkewa, ki ja ki matse har sai ta kama. In ta yi datti tare muke wanke su mu shanya. Shi ya sa ta shekara talatin a ciki, ba ta da hanyar fita. Ki kai wa tela sauran yadin nan tun ana ganin mutuncinku."

Duk wanda ya ji wannan magana ya san gargaɗi ce. Anti kuwa sai ta miƙe tsaye a hankali, fuskarta ta haskaka kamar an kunna fitila.

"A jiki," ta ce. "Inna, Allah ya ƙara miki lafiya. Sirrin da na manta ke nan. A jikinsa zan ɗinke shi."

Inna ta juya ta dubi surukinta da tausayi. "Malam, in kana da dangi a wani gari, yanzu ne lokacin ziyara."

Ranar taro, gari na wayewa aka fara. An hana Malam shayi, an hana shi ruwa, saboda dalilin da kowa ya gane ba sai an faɗa ba. Ya tsaya a tsakiyar falo da singileti da gajeren wando, da safa da takalmi mai sheƙi, hannuwa a ware kamar yadda alli ya zana shi. Ya roƙi a bar masa takardar jawabinsa, Anti ta ce aljihun na ado ne, ta ɗora masa takardar a ƙirji ta rufe da ɓangaren gaba. Matar direba ta riƙe baya, Inna ta zauna a gefe tana jan carbi.

Anti ta fara daga idon sawu, tana ja tana ɗinkewa. Da aka zo tumbi ta ce, "Fitar da numfashi." Ya fitar. "Ƙara." Ya ƙara. "Kar ka mayar da shi sai na ce." Ta sa gwiwa ta ja, gaba da baya suka haɗu a karo na farko, Malam ya yi wata 'yar ƙara irin ta ƙofar da ba a shafa wa mai ba.

"Zare ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, ya zagayo," ta ce tana alfahari. "Babu ƙulli ko ɗaya. Ƙulli yana ɓata kyan ɗinki."

Matar direba ta sunkuya ta duba. "Anti, wannan ai irin ɗinkin bakin buhu ne."

"Buhu ya taɓa zubewa a hanya?"

"Sai in an ja zaren."

"To wa zai ja?"

Da aka gama, Malam ya tsaya ƙyam, kyakkyawa kamar hoto. Babu tamoji ko ɗaya a jikinsa, domin babu wurin da tamoji zai zauna. Anti ta ja da baya ta dube shi, idonta ya ciko da ƙwalla. Ya so ya share mata, hannun ya ƙi saukowa.

Nan aka gano sauran abubuwan da 'yar tsana ba ta yi. Ba ta lanƙwasa gwiwa, ba ta zama, ba ta sauka matattakala. Direba ya kama kafaɗu, wani maƙwabci ya kama ƙafafu, aka sauko da Malam a karkace kamar ana fitar da ƙyauren ƙofa, yana gaishe da duk wanda aka wuce. Tasin da aka kira ta koma yadda ta zo. Direba ya ce dama yana da kayan da zai kai wajen makarantar, ya tsayar da Malam a bayan mota tsakanin firji da katifa, ya ɗaure shi da igiya a ƙugu. Anti da Inna da matar direba suka matsu a gaba.

Haka aka ratsa gari. Masu babur suna ɗaga masa hannu don sun ɗauka su yake ɗaga wa. A mahaɗar hanya motoci biyu suka ci birki, ɗan sandan da ke ba da hannu ya dube shi da mugun ido, yana zaton an turo wanda zai karɓe masa aiki. Wata mata ta leƙo daga bas ta tambayi direba wane shago za a kai mutum-mutumin, sai mutum-mutumin ya ce mata, "Ina kwana, Hajiya," ta mayar da kanta ciki ta rufe gilashi.

"Kin gani?" in ji Anti tana taɓa matar direba da gwiwar hannu. "Tun a hanya an fara tambaya."

Zauren makaranta ya cika maƙil, iyaye a gaba, ɗalibai a baya, fanka biyu suna juya zafi. An kwance wa Malam igiya a bayan zaure, ya shigo da ƙananan taku kamar agwagwa. Shugaban makaranta, mutum mai son jin muryarsa a lasifika, ya tare shi.

"Malam, ka fito fes. Bismillah, ga kujerarka kusa da babban baƙo."

"Ranka ya daɗe, na fi son tsayuwa."

Shugaba ya ɗauki makirfo nan take. "Jama'a, ku dubi tawali'u. Shekara ashirin yana tsaye a gaban allo, yau ma an ba shi kujera ya ce shi ba zai zauna a gaban iyayen yara ba."

Babban baƙon wani dattijo ne mai sanda, tsohon malami. Jin haka ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce ba zai yiwu wanda ake karramawa yana tsaye shi yana zaune ba. Da ya miƙe, manyan baƙi suka miƙe. Da suka miƙe, iyaye suka miƙe, ɗalibai suka miƙe. Shugaba ya ga zaure duka a tsaye a gabansa, abin da bai taɓa samu ba, sai ya ɗauko tarihin makarantar tun daga ranar da aka haƙa rijiyarta.

Mata masu goyo suka fara sauya ƙafa. Wani mai ƙiba ya jingina da bango yana fifita da takardar shiri. Dattijon ya matso kusa da Malam ya yi masa raɗa.

"Ɗana, don girman Allah ka zauna. Gwiwata."

"Baba, da da hali," in ji Malam da ɗan numfashin da ya rage masa.

Da aka kira shi dandamali, malamai biyu suka ɗaga shi ta hammata suka ajiye shi a sama. Dattijon ya miƙa hannu, Malam ya juya jikinsa gaba ɗaya kamar ƙofar shago kafin hannunsa ya iso. Aka miƙa masa lambar yabo, allon katako mai farantin ƙarfe, wanda ake karɓa da hannu biyu. Hannayen Malam kuwa tun safe ba su ga juna ba. Dattijon ya gaji ya danƙa masa a hannun dama, ya rataya can gefe kamar yana tallarsa.

"Jawabi, Malam," in ji shugaba. "Ina takardarka?"

"Tana ciki."

"Cikin aljihu?"

"Cikina... da kwat."

Shugaba ya kara masa makirfo a baki. Malam ya haddace jawabin tun a banɗaki, iska ce babu. "Ina... godiya," ya ce, ya tsaya ya tara wata. "Ga Allah... da kuma..." Ɗalibai suka fara ƙus-ƙus. A layin gaba wata baƙuwa mai gilashi ta ce wa ta kusa da ita, da ɗan ƙarfi, ita dai ba ta taɓa ganin kwat ɗin da ya kama jiki haka ba, ko wane tela ne.

Abin da Anti take jira ke nan tun ranar da ta kunna rediyo. Kafin Inna ta kama gefen mayafinta har ta kai dandamali, ta karɓi makirfo daga hannun shugaba kamar dama aro ya yi.

"Jama'a, na ji ana tambaya. Ba tela ba ne, ni ce. Ban taɓa zuwa makarantar ɗinki ba, ban san awo ba, ba na taɓa keke. Baiwa ce tun ina yarinya, na bar ta ta yi barci, yanzu na tashe ta. Duk mai son mijinta ya fito haka, ta same ni bayan taro. Ku dubi kafaɗar nan. Ku dubi..."

Sai idonta ya sauka a kan wani ɗan zare da ya leƙo a gefen wuyan Malam. Ƙanƙane ne, babu wanda ya gan shi sai ita. Amma gwani ba ya barin zare yana reto a gaban manyan mutane.

"Ke, kar ki ja," in ji Inna daga layi na uku.

"Anti, buhu," in ji matar direba.

Ta naɗe shi a yatsa, ta yi wa jama'a murmushi, ta fizga.

Makirfon ya ɗauki ƙarar, wani dogon zurrr da ya fito ta kowace lasifika. Zaren ya bi kafaɗa, ya bi hannu, ya gangara haƙarƙari, ya sauka ƙafa, ya hau ɗaya gefen. Ɓangaren gaba, da shat ɗinsa da nekatai da maɓallai, ya rusuna a hankali ya kwanta a ƙafafun dattijo. Ɓangaren baya ya faɗi ta baya. A tsakiya aka bar Malam da singileti da gajeren wando da takalmi mai sheƙi, takardar jawabinsa manne a ƙirji da gumi.

Zauren ya yi tsit, har ana jin kukan fanka.

Malam ya ja numfashi mai tsawo, tumbinsa ya dawo mazauninsa. Ya sauke hannuwansa. Ya waiga, ya ga kujerarsa, ya je ya zauna.

Zauren duka ya zauna tare da shi, rif, da wani nishi na mutum ɗari da wani abu. "Alhamdu lillahi," in ji dattijo yana shafa gwiwa. Sai a lokacin dariyar ta fashe, ta faro daga ɗalibai ta cinye iyaye, har mai ɗaukar hoto ya kasa riƙe kyamara. Shugaba ya fizge zanen babban tebur ya yafa wa Malam, robobin ruwa suka gangara ƙasa.

Anti tana tsaye inda take, makirfo a hannu ɗaya, tulin zare a ɗaya, bakinta a buɗe. Ba mu taɓa ganin ta haka ba. Baƙuwa mai gilashi ta ɗaga murya ta ce ta fasa, mijinta yana da hawan jini.

Malam ya gyara zanen tebur a kafaɗarsa, ya miƙe, ya zo ya karɓi makirfon daga hannunta a hankali. Ya ɓamɓare takardar daga ƙirjinsa, ya duba, tawadar ta narke. Ya ninke ta.

"Ɗalibaina," ya ce, kuma a karo na farko muryarsa ta kai bangon baya. "Shekara ashirin ina faɗa muku abu yana da tsawo da faɗi da kauri, kuna barci. Yau wanda ya manta, ba shi da uzuri."

Aka sake fashewa, amma wannan karon da tafi.

"Mai ɗinki kuma a bar min ita. Tun safe take tsaye a kaina, da hannunta ta yi kowane ɗinki. Wanda matarsa ta taɓa yi masa haka a cikinku ya ɗaga hannu." Ya jira. "Ni dai tun safe nawa a sama suke."

Daga nan ya yi jawabinsa na banɗaki tun daga farko har ƙarshe, sanye da zanen tebur mai tambarin makaranta a jiki, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Hoton da aka ɗauka a lokacin shi ne yanzu a ofishin shugaba.

A hanyar dawowa Anti ta sunkuyar da kai har aka wuce mahaɗa. Muka fara tunanin ko abin ya shige ta. Sai ta gyara zama ta ce zaren yanzu ba irin na da ba ne. Kafin a iso gida ta ƙara da cewa wani yana ba Malam abinci a ɓoye, ta kuma san ko waye. Direba ya mai da hankali kan tuƙi.

Amma kwana biyu ba mu ji waƙa daga sama ba. Ta koma dawowa daga aiki ta kwanta ta ce kanta na ciwo.

A rana ta uku Malam ya dawo daga makaranta da babbar leda. Ya zazzage ta a kan teburin falo. 'Yan tsana ne na roba, maza da mata, tsirara, ya jera su a tsaye.

"Ranki ya daɗe, ga masu layin da kika ce. Ba su zama, ba su numfashi, kuma babu wanda zai gayyace su taro."

Anti ta dube su a yatsine. Ta ɗauki ɗaya namiji ta juya shi, ta matsa cikinsa da yatsa.

"Wannan ya fi ka tsari," ta ce. "Ina sauran yadin?"

Kafin magariba waƙar ta dawo, da kuskuren baitinta. Yanzu in ka shiga falonsu za ka ga lambar yabon a kan kabad, kusa da ita ga wani ɗan mutum na roba cikin shuɗin kwat, da farar shat da jan nekatai, kyakkyawa ƙwarai, ɗinkin ƙanana a jere. Yaran layi suna kawo mata nasu, tana ɗinke su tana faɗa wa iyayensu cewa manyan mata ma sun nema ta ce ba ta da lokaci.

Ranar da ta nuna wa matar direba ɗan robar mai kwat, ta ce, "Kin gani? Da Malam ya tsaya kamar wannan, da ba a ji kanmu ba."

Malam yana zaune a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da kofin shayi mai madara. Ya jira suka fita baranda, sannan ya miƙe ya je gaban kabad ya sunkuya.

"Sannu, ɗan'uwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka yi haƙuri. Ni kaɗai na san halin da kake ciki."